Likitan da ya ƙona wayar ƙarƙashin teku

A watan Agustan 1858 aka kammala shimfiɗa wayar tangarahu ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga tsibirin Valentia na ƙasar Ireland zuwa Newfoundland, wadda yau take cikin Kanada. Sarauniya Victoria ta aika wa shugaban Amurka James Buchanan gaisuwa mai kalmomi 98. Sai da aka shafe wajen awa 16 kafin ta gama isa. Awa 16, kalmomi 98!

Me ya jawo wannan nawa? Idan aka buga alama gajera a wannan bakin, sai ta iso wancan bakin a raunane, ta baje, tana hawa kan mai bin ta, kamar tawada a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Tun kafin a fara aikin, malamin kimiyya William Thomson na Glasgow ya yi lissafi: jan ƙarfen da ke cikin wayar yana turje wa lantarki, ƙaron da aka lulluɓe shi da shi kuma yana sa wayar ta riƙe caji. In aka ninka tsawon waya sau biyu, jinkirin ya ninka sau huɗu.

Amma babban jami'in lantarki na kamfanin da ya shimfiɗa wayar, Wildman Whitehouse, wanda asalinsa likitan fiɗa ne, bai yarda ba. A ganinsa ƙarfi ne magani. Ya antaya wa wayar wuta har kimanin bolt 2,000. Wayar da ma an ƙera ta a gaggauce, ga kuma wannan azaba. Cikin 'yan makonni ta yi shiru. Aka sallami likita. Sai a 1866 aka samu waya mai ɗorewa, mai kauri, bisa shawarar Thomson.

To, sai ga Oliver Heaviside. Kunnensa ba ya ji sosai, ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya yi aikin buga tangarahu a Newcastle, sannan ya ajiye, ya kulle kansa a ɗaki yana koya wa kansa lissafi. Shi ya ɗauki waya a matsayin ƙananan gaɓoɓi a jere, kowace da turjiyarta, da cajin da take riƙewa, da maganaɗisun da ke kewaye ta, da yoyon da take yi. A 1887 ya ce a ƙara wa waya maganaɗisu, saƙo zai iso da siffarsa ko da ya raunana. William Preece na hukumar gidan waya ta Ingila ya yi fatali da maganar. Daga baya Michael Pupin ya yi rajistar dabarar a Amurka, kamfanin AT&T ya saya da kuɗi masu yawa, Heaviside kuwa ya rasu a 1925 cikin talauci.

Lissafin Heaviside ne injiniyoyi ke sa wa kwamfuta a yau kafin su zana siraran layukan jan ƙarfe na allon wayar salula. A can saƙo na tafiyar kusan santimita 15 cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, kuma da saurin bugun alamomin ya ƙaru sai lantarki ya koma bin fatar jan ƙarfen kawai, allon kansa ya shanye wani sashe.