Matsayin Rauta a Katangar Tsaron Kwamfuta: Darasi Daga Kasuwar Kifi ta Baga Road

A wannan sashe za mu duba yadda ya kamata a gabatar wa ɗalibi aikin rauta, wato na'urar da ke karɓar bayani daga wata hanyar sadarwa ta miƙa shi ga wata. Mun zaɓi Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri a matsayin misali, domin tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki mai yawa a kasuwanninmu ya koma ta waya da na'urar POS, kuma duk kuɗin da aka tura sai ya ratsa rautoci da dama kafin ya isa banki.

A wannan kasuwa ana zuba bandar kifin Tafkin Chadi cikin kwalaye, a ɗaure, a sa alamar mai kaya, sannan a loda zuwa Onica ko Legas. Haka bayani yake tafiya a intanet, ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa, da na mai karɓa, da lambar ƙofar da zai shiga. Rauta tamkar mai tsaron ƙofa ce da ke karanta rubutun jikin kwali. Mai kula da ita kan rubuta mata jerin ƙa'idoji, tana bin su daga sama zuwa ƙasa, ta farko da ta dace da ƙunshin ita ke yanke hukunci. Alal misali, a bar mai neman ƙofa ta 443, wadda shafuka masu kariya ke amfani da ita, a kori mai neman ƙofa ta 23. Haka kuma ƙunshin da ya fito daga waje ɗauke da adireshin cikin gida, irin mai farawa da 192.168, na jabu ne, sai a zubar da shi.

Sai dai wannan mai tsaro ba ya kwance kwali. Idan an cusa ruɓaɓɓen kifi a ƙasa, rubutun kuwa daidai ne, kaya zai wuce. Bugu da ƙari, tacewa irin ta asali ba ta tuna ƙunshin da ya gabata, don haka ba ta iya tabbatar da cewa wannan amsa ce ga tambayar da aka aika daga ciki. Saboda haka masana suka tsara katanga hawa-hawa: rauta a bakin waje, bayanta fili na tsakiya inda ake ajiye kwamfutocin da baƙi ke hulɗa da su, sannan na'urar tsaro mai bin diddigin kowace hira kafin a kai ga rumbun bayanai. Brent Chapman da Elizabeth Zwicky sun bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinsu na 1995.

A ganinmu kuskure ne manhaja ta kira rauta da sunan katangar tsaro kai tsaye, ko da yake ƙananan rautocin shaguna sukan haɗa ayyukan biyu a akwati ɗaya. Ita kanta rautar abar hari ce. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban rautoci da kyamarori ta ƙofa ta 23, da kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda masana'anta ke sakawa. Muna ba da shawarar darasin farko na aikatawa ya kasance sauya wannan kalmar sirri, kafin a kai ɗalibi ga rubuta ƙa'idojin tacewa.