Yunwar Kwana Uku Ba Ta Maye Gurbin Allurar Insulin

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa. Mai maganar ya ce wai wani masani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel don ya gano yunwa tana wanke gurɓataccen furotin daga jiki, saboda haka mai ciwon suga ya ajiye allura, ya yi kwana uku ba ci sai ruwa, shi ke nan ya warke. Ko sunan masanin bai iya faɗa ba, amma ya iya cewa a tura wa mutum goma.

Masanin dai akwai shi, Yoshinori Ohsumi, kuma a 2016 ya karɓi kyautar. Sai dai a kan yis ya yi aikinsa, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi, inda ya nuna yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen cikinta in abinci ya yanke mata. Bai hana wani majinyaci allura ba. Haka ma maganar da wasu ke yi cewa ruwan lemon tsami yana miƙe furotin ɗin jiki, ko dafaffen ƙwai yana cusa gurɓatacce a jiki, ba ta da tushe: ciki yana narkar da su duka kafin su isa jini.

Gurɓacewar furotin kuwa gaskiya ce. Furotin ba ya aiki sai ya ninku daidai da siffarsa, kuma irin su insulin ana ninke su ne a wani sashe mai lunguna da yawa cikin ƙwayar halitta, endofilasmik retikulum. A jikin bangonsa akwai masu gadi uku: IRE1, PERK da ATF6. Peter Walter da Kazutoshi Mori ne suka gano na farkon a 1993, kowa da nasa binciken daban. In aikin da ya lalace ya taru, sai a yi abin da tela mai hankali ke yi ana gobe Sallah: PERK ya dakatar da karɓar sabon ɗinki, sauran biyun su ƙaro mataimaka, abin da ba ya gyaruwa a fitar da shi a wargaza. In cunkoson ya ƙi ƙarewa, a rufe shagon gaba ɗaya, wato ƙwayar ta kashe kanta. Wannan aiki dare da rana ake yinsa, ba ya jiran yunwa.

Nan ne saƙon ya juya gaskiya. Yawan suga a jini shi ke matsa wa ƙwayoyin fankiriyas su yi ta sarrafa insulin fiye da ƙarfinsu. Allura tana sauke musu kaya ne; wanda ya ajiye ta, sugarsa ta hau, ya ƙara musu nauyi. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya kuwa, garkuwar jikinsa ta riga ta hallaka ƙwayoyin, babu abin da za a wanke. In ya rasa insulin, jiki ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ƙishirwa, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki yana ƙamshin 'ya'yan itace, sannan suma. Wannan hali yana kisa, kuma a asibiti kaɗai ake magance shi.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Insulin da tsada, tana son sanyi ga wuta ba tabbas, ga huda fata kullum. Duk wanda ya gaji zai so jin an ce akwai mafita kyauta. Laifin na wanda ya ari martabar masani ya yafa wa ƙaryarsa ne.

Rage ci yana da amfani ga wasu masu nau'i na biyu. A binciken DiRECT na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba sugarsu ta daidaita bayan shekara ɗaya ba tare da magani ba. Amma watanni suka yi suna cin abinci a ƙayyade, ma'aikatan lafiya na bibiyarsu, kuma tun farko ba a saka masu allurar insulin cikin binciken ba.