Wasiƙun Makaranta a Hannun Kamfani: Abin Bayarwa da Abin Riƙewa

Makarantu da ofisoshi da yawa a ƙasar nan sun yi rajistar suna nasu na kansu a intanet, watau sunan nan da kan biyo bayan alamar @ a adireshin imel. Na kwalejoji yakan ƙare da edu.ng, na ma'aikatun gwamnati da gov.ng, hukumar NiRA kuwa ita ke kula da duk sunayen da suka ƙare da ng. To, bayan an sami suna sai a tambaya, ina wasiƙun za su riƙa sauka? Ko dai a ajiye babbar kwamfuta a ofis ta karɓe su, ko kuwa a damƙa aikin ga wani kamfani, kamar Google, ko Microsoft, ko Zoho na ƙasar Indiya.

A ganina damƙawar ta fi. Kwamfutar wasiƙu ba ta barci, tana son wuta dare da rana, da gwani mai toshe ɓaraka kafin ɓarayi su shigo. Wanda ya san kuɗin man janareto ya san nauyin wannan. Har wa yau manyan kamfanoni sun tsananta bincike saboda wasiƙun banza. Tun daga watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka ƙarfafa sharaɗin hatimin shaida a kan wasiƙu, su ne ake kira SPF da DKIM, masu aika dubbai a yini kuma aka ƙara musu DMARC. Wasiƙar da ba ta da hatimi ana iya mayar da ita, ko a jefa ta cikin shara, shugaban makaranta yana nan yana jiran amsa.

Yadda ake damƙawar ba wuya. Kowane suna yana da shafinsa a cikin littafin adireshi na intanet da ake kira DNS, a shafin nan kuwa akwai layi mai suna MX, shi ke gaya wa duniya inda za a kai wasiƙu. Kamar dai mutum ne ya je gidan waya ya ce daga yau a sa wasiƙunsa a akwati kaza. In kamfani ya tsauwala kuɗi, sai a sake layin nan a koma wani, adireshin malamai bai canja ba.

Amma fa sai wanda ke riƙe da rajistar sunan ne ke da ikon taɓa layin. Nan ne ake tuntuɓe. Sau da yawa ɗan kwangilar da ya shirya abin yakan yi rajista da sunansa da adireshinsa, ko kuwa wani akawu mai ƙwazo ya yi da nasa, sa'an nan a yi masa canjin wurin aiki. Sunan nan haya ce, yawanci shekara shekara ake sabuntawa. Takardar tuni ta tafi ga wanda ba ya nan, wa'adi ya cika, wasiƙu su tsaya cik. In aka daɗe wani ya yi rajistar sunan, duk wasiƙar da aka aiko wa makaranta a hannunsa za ta faɗa, har da ta sake kalmar sirri ta banki. Saboda haka lalle rajista ta zama da sunan makaranta, kalmar sirrinta a wurin shugaba da ma'aji, ranar sabuntawa kuma a rubuta cikin kasafin kuɗi. Adireshin da za a aika wa tuni kada ya zama na sunan nan kansa, gama in ya mutu tare za su mutu.

Sai maganar amana. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ba ta sauke wa makaranta nauyin bayanan ɗalibanta don ta ba kamfani ajiya ba. Amurka kuwa ta kafa doka a 1918 da ɗari, watau 2018, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su. Ofishin gwamnati ya kamata ya nemi izinin na gaba tukuna.

Ran ƙaura kuma, a kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa sabon masauki kafin a sallami tsohon, a bar shi a buɗe kwana biyu ko uku, domin labarin sabon layin ba ya isa ko'ina lokaci ɗaya.