Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa

Yau hirarmu a kan ciwon dajin fata ne, da sabon maganin da masana suka gano masa.

Da yawanmu mun ɗauka ciwon Turawa ne, tunda su rana ke ƙona wa fata. Gaskiya ne ya fi yawa a cikinsu. To amma akwai nau'insa da likitoci ke kira melanoma, wanda in ya tashi kama baƙar fata ya fi fitowa inda rana ba ta duka: tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Da ɗan tabo yake farawa, baƙi ko ruwan ƙasa, ba zafi ba ƙaiƙayi. Sai mace ta ce ai kaushi ne, ko ƙaya ta taka. Ga mu kuma da lalle, kullum ƙafa a rine. Saboda haka uwargida, ranar da lallenki ya koɗe, kafin ki ƙunsa wani, wanke ƙafar ki fito tsakar gida ki dube ta da kyau, har tsakanin yatsu. In ba kya iya gani, sa 'yarki ko abokiyar zamanki ta duba miki. Ki duba ta tsohuwar gidan ma, don ciwon ya fi kama manya.

Tabon da za ki kula da shi shi ne wanda ke ƙara faɗi, bakinsa ba a daidaice ba, ko ya haɗa kala biyu ko uku, ko ya fashe ya ƙi warkewa. Na farce kuwa, in tuntuɓe kika yi jini ya kwanta, za ki ga baƙin yana gaba yayin da farcen ke tsiro, har ki yanke shi. Wanda ya tsaya wuri guda yana faɗi, ko ya malalo kan fatar gefen farce, wannan na likita ne.

A asibiti za a kashe wurin da allura, a ɗebi naman a kai ɗakin gwaji a duba. Na san abin da ake faɗa, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Ba haka ba ne. Jinkiri ke sa shi bazuwa, da kai shi wurin wanzami, da ɗaura masa magani wata da watanni. In kaurinsa bai kai milimita 1 ba, wato bai fi kaurin farcenki ba, yawanci cire shi kawai ya wadatar. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna wannan gwaji.

To in ya riga ya shiga jiki fa? A da, wanda ciwon ya kai masa hanta ko ƙwaƙwalwa, da wuya ya cika shekara. Nan ne sabon binciken ya shigo. Allah ya halitta mana garkuwar jiki, wato wasu ƙwayoyi a cikin jini da ke farautar cuta. Su kuma suna da birki, don kada su afka wa lafiyayyen nama. Wayon daji shi ne ya taka musu birkin, su wuce shi kamar ba su gan shi ba. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan ne suka gano waɗannan birkuna, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2018. Daga aikinsu aka haɗa magungunan da ke sakin birkin, ana ba da su ta ƙarin ruwa bayan 'yan makonni. Na farko ya samu izini a Amurka a 2011, wasu biyu suka biyo a 2014.

Kin tuna Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ya taimaka wajen yaƙi da kurkunu a ƙauyukanmu? A 2015, yana da shekara 90, aka samu wannan ciwo a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa aiki, aka gasa wurin da haske, aka ɗora shi a kan irin wannan magani. Bai rasu ba sai a 2024, yana da shekara 100. Wani babban bincike da aka fitar a 2024 ya nuna cikin kowane mutum 100 da aka haɗa wa magani biyu, 43 na raye bayan shekara 10.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma irin na tafin ƙafa, wanda ya fi samun mu, bai cika jin maganin kamar na Turawa ba. Garkuwar da aka sakar wa birki takan juya kan mai ita, ta kawo ƙuraje, gudawa mai tsanani, ko fararen tabo a fata. Ga tsada, wadda ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu nesa ba kusa ba. Shi ya sa na fi ƙarfafa miki zancen duba ƙafa.

In kin ga abin da bai kwanta miki ba, nuna wa maigida da idonsa, ki nemi izinin zuwa asibiti a makon nan. Kada ki sa lalle a wurin kafin ki je, don likita yana bukatar ganin ainihin kalarsa.