Fafutukar Neman Haƙƙin Mata a Arewacin Nijeriya: Mafari da Tasiri

Fafutukar neman haƙƙin mata ta zamani a Arewacin Nijeriya ta faro ne daga batun ƙuri'a. Tun a shekarun 1950 matan Kudu suka fara zaɓe, amma jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa ta ƙi amincewa, tana kafa hujja da addini da al'ada. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta rungumi maganar, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri saboda tara mata da take yi a bainar jama'a. Sai a 1976, a zamanin mulkin soja, matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a.

A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda ya shigar da ɗimbin 'yan mata aji. Daga cikinsu aka sami malaman makaranta da ma'aikatan jinya da marubuta. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda suka yawaita bayan kafuwar ƙungiyar Izala a 1978, sun ba mace damar sanin hukuncin sadaki da ciyarwa da gado ba tare da ta jira wani ya faɗa mata ba. Talauci ma ya taka rawa. Tun daga matsin tattalin arzikin shekarun 1980 magidanta da yawa suka kasa riƙe gida su kaɗai, sai ɗinki da ƙuli-ƙuli da adashin uwargida suka zama madogara. Wadda take cefane kuwa ba ta rasa ta cewa a gida.

Fafutukar ta rabu gida biyu. Ƙungiyar WIN, wadda ta samo asali daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982, ta ɗora matsalar mata a kan danniyar tattalin arziki da fifita maza. Ƙungiyar FOMWAN kuwa, wadda aka kafa a Minna a 1985 bisa jagorancin Hajiya A'isha Lemu, ta nemi haƙƙin mata daga cikin Musulunci, tana koyi da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da tsarinta na koyar da mata, wato 'Yan Taru. Hanya ta biyu ce ta fi samun karɓuwa, domin mai adawa ba ya iya kiranta baƙuwa. An ga haka a shari'ar Safiya Husaini a Sakkwato da ta Amina Lawal a Katsina. Kotunan ɗaukaka ƙara na Musulunci ne suka soke hukuncin jifa da aka yanke musu, a 2002 da 2003, bisa hujjojin fiƙihun Malikiyya da lauyoyinsu suka gabatar.

Tasirin ya fi bayyana a ilimi da sana'a, da kuma bakin da mata suka buɗe. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun fito da zancen auren dole da wulaƙancin kishi fili, kuma a 2019 'yan mata suka yi ta bayyana cin zarafin da aka yi musu a Twitter. Inda aka ci tura shi ne dokar iyali da siyasa. Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaita jinsi a 2016, bayan da wasu sanatoci suka ce ya saɓa wa addini. Shawarar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a 2017, ta yin dokar da za ta hana marar hali ƙara aure, ta tayar da ƙura. A 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da keɓe wa mata kujeru, alhali Nijar ta kafa dokar kason mata tun 2000.

Masu adawa suna tsoron shigo da tarbiyyar Turawa da rushewar gidajen aure, kuma damuwa ce da ta cancanci amsa. Sai dai mafi yawan abin da matan Arewa ke nema, wato ciyarwa, da gadon da 'yan'uwa maza ke dannewa, da kula da 'ya'ya bayan saki, shari'a ta riga ta ba su. Matsalar tana wajen zartarwa: bazawarar da ba ta da kuɗin zirga-zirgar kotu takan haƙura da haƙƙinta, ta koma gidan iyayenta da yara.