Bala Miller: Marubucin Waƙar da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

 

Jama'a masu sauraro, mu nan Kankiya da Kusada maƙwabtan Musawa ne, mahaifar Alhaji Mamman Shata, shi ya sa muka saba da cewa wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ke rera abarsa. A kiɗan zamani ba haka abin yake ba. Ɗauko tsohon faifan garmaho ka duba tsakiyarsa: sunan mawaƙi ɓaro-ɓaro, na wanda ya tsara waƙar kuwa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai ka kanne ido kafin ka gano shi. Ko a Amurka, lokacin da kiɗan sol ke tashe a shekarun 1960, kowa ya san 'yan matan Supremes na kamfanin Motown, amma mutum nawa suka san Holland da Dozier da Holland, su ukun da ke rubuta musu waƙoƙin?

To, mu ma muna da namu, marigayi Bala Miller.

A Pankshin aka haife shi a 1928, ɗan wani limamin coci ne Bazazzagi. Ya yi karatu a Legas, inda ya goge a busa. Da rana ma'aikacin kamfani ne, da dare kuma yana cikin makaɗan hailaif. Har Victor Olaiya, wanda sunansa ya cika Najeriya, ya rera waƙar da Bala ya rubuta masa. Tafi ya tafi ga mai rerawa.

Sai a 1977, shekarar bikin FESTAC, ya kafa ƙungiyarsa a Kaduna, ya raɗa mata sunan dala, wato Pyramids. Nan ne gwanintarsa ta fito fili. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ka karkata sautin kalma kaɗan ma'ana ta gudu. Bala ya ɗora ta a kan jita da ƙahonni da gangunan Turawa ba tare da ya karya mata wuya ba, abin da har gobe yake gagarar wasu yaranmu masu kiɗan kwamfuta. A shekarun 1980 kuma ya riƙe shirinsa na kansa a talabijin ta NTA.

Me ya sa ba a ambatonsa? A ganina ya faɗa tsakani ne. 'Yan kudu na masa kallon ɗan arewa mai waƙar Hausa, mu kuma kunnenmu na wajen kalangu da kuntigi, muka ce wannan kiɗan otal ne, muka kau da kai. Ya rasu a 2003.

Mai kula da na'ura, sako mana waƙarsa “Ikon Allah”. Masu sauraro, ku kasa kunne wajen da ƙahonni ke amsa masa, kamar 'yan amshi.