Tekila: Shekarun Ganga da Shekarun Gona

Wanda ya bar birnin Guadalajara na ƙasar Meziko ya nufi arewa maso yamma, tafiyar kilomita kamar 60, zai shiga wata ƙasa da gonakinta ke shuɗi-shuɗi iya ganinsa. Abin da aka shuka a wurin wani tsiro ne mai kaurin ganye da ƙaya a baki, ana ce masa agabe. Garin da ke gindin tsohon dutse mai aman wuta na yankin sunansa Tequila, kuma daga gare shi ne barasar da ake kira tekila, wadda ake yi da agaben, ta samo suna. A shekarar 2006 hukumar UNESCO ta sanya gonakin da tsofaffin masana'antun garin cikin kayan tarihin duniya.

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi giya haramun ce, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da ba ya cutar da jiki. Daɗewa a ganga ko tsadar kwalba ba sa rage wannan ko kaɗan. Abin da ya ja hankalina a nan labarin noma ne da ciniki: yadda ake sayar da lokaci, da kuma wanda ake bari da asara idan lissafin lokacin ya rikice.

Dokar Meziko ta raba tekila gwargwadon zamanta a gangar katakon oak. Wadda ba ta kwanta ba, fara fat, ita ce blanco. Wadda ta yi aƙalla wata 2 ita ce reposado. Añejo sai ta cika shekara guda a gangar da ba ta wuce lita 600 ba. A 2006 aka ƙara rukunin extra añejo ga wadda ta kai shekara 3, kuma ita ce ake sayarwa ɗaruruwan daloli. Masu shanta ba sa haɗa ta da gishiri da lemun tsami, ba sa kwankwaɗe ta tashi ɗaya. Sukan zuba a kofin gilashi mai tsukakken baki, su shinshina, su kurɓa kaɗan-kaɗan, domin ƙamshin suka saya.

Shi kuwa ƙamshin nan, yawancinsa na katako ne. Akan babbake cikin ganga kafin a yi amfani da ita, zafin ya farfasa sinadaran da ke jikin itacen. Wani daga cikinsu, mai suna lignin, yana sakin ƙamshin banila. Wani yana komawa sukari mai ɗanɗanon alewar da ta ɗan ƙone. Da rana ta yi zafi ruwan ya kutsa cikin ƙofofin katakon, da dare ya yi sanyi ya dawo ɗauke da launi da bauri. Iska na shiga a hankali tana tausasa kaifin, wani kaso kuma na tsirarewa ya bi iska kowace shekara. Yawancin gangunan ma kwance ne daga Amurka, inda doka ta wajabta wa masu barasar bourbon sabuwar ganga a kowane zubi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari, ko ruwan katako, ko gilisirin, ko ruwan zaƙi, muddin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka duhun launi ba shaidar tsufa ba ne.

Shekarun ganga ke nan, su ake rubutawa a jikin kwalba. Shekarun gona sun fi su tsawo.

Agabe shuɗi yakan ɗauki shekara 6 zuwa 8 kafin ya nuna. Tsiro ne na ƙasa mai ƙarancin ruwa: da rana yakan rufe ƙofofin ganyensa don kada danshi ya gudu, sai da dare ya buɗe ya shaƙi iskar da yake bukata. Duk tsawon shekarun nan yana tara abinci a cikin curin da ke tsakiyarsa, domin aiki guda ɗaya a ƙarshen rayuwarsa, wato ya fitar da dogon kara mai fure da kan haura mita 5, ya yi iri, ya mutu. Manomi ba ya barin a kai nan. Da karan ya leƙo sai a sare shi, zaƙin ya tsaya a curi. Daga nan sai jimador, ma'aikacin da ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, ya zo da coa, wata faffaɗar wuƙa mai dogon ƙota, ya datse ganyen ɗaya bayan ɗaya har curin ya fito tas, mai nauyin kilo 30 ko 40, wani lokaci fiye. A dafa shi kwana biyu a tanderun bulo, a matse, a bar ruwan ya yi tsami da yis, a tace shi ta hanyar tururi sau biyu.

To, tsiron da ba a bari ya yi fure, ina irinsa? Daga 'ya'yan da ke tohowa a gindin uwa ake dasa sabuwar gona, kamar yadda manomin ayaba ke yi. Kowane ɗa kwafin uwarsa ne, don haka ɗaruruwan miliyoyin tsirrai a jihar Jalisco, inda garin Tequila yake, kusan jini ɗaya suke. Cutar da ta iya kayar da ɗaya ta iya kayar da duka. An ga haka a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ruɓar saiwa da ta curi suka ratsa gonaki, agabe ya yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Akwai wanda sare furen ya fi shafa kai tsaye: jemage mai dogon hanci, wanda ke ƙaura tsakanin Meziko da kudu maso yammacin Amurka yana shan ruwan furannin dare, yana kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Shi ne ke gauraya jinin agabe tun kafin a san ganga. Masanin jemagu Rodrigo Medellín, na babbar jami'ar ƙasa da ke birnin Meziko, ya shawo kan wasu masu masana'antu su riƙa barin kashi 5 cikin 100 na tsirransu su yi fure, a ba su tambarin da ke nuna haka a kwalba. A ganina wannan ita ce dabara mafi hankali a duk sana'ar, kuma abin takaici ne cewa waɗanda suka rungume ta tsiraru ne.

Meziko ta yi ƙoƙari wajen kare sunan kayanta. Tun 1974 babu mai ikon kiran abin da ya tace tekila sai an yi shi a Jalisco ko ƙayyadaddun yankuna na wasu jihohi, kuma tun 1994 akwai hukumar da ke sa ido a kan haka. Duk wanda ya san yadda fatar jar akuyar Sakkwato ta shekara ɗaruruwa tana yawo a Turai da sunan fatar Maroko, ya san darajar wannan kariya. Sai dai kariyar ta suna ce, ba ta tsaya wa manomi a kan farashi.

A 2017 kamfanin Diageo ya amince ya sayi Casamigos, kamfanin tekilar da ɗan fim George Clooney ya kafa da abokansa, a kan kuɗin da ka iya kaiwa dala biliyan 1. Kasuwar Amurka ta buɗe, kilon agabe ya kai kusan peso 30 na kuɗin Meziko, kowa ya ruga shuka, har da masu gonakin masara da masu sare daji. Amma abin da aka shuka a shekarar tsada sai bayan shekara 6 ko 7 yake nuna, kuma duk a lokaci ɗaya. Zuwa 2024 kilo ya faɗo ƙasa da peso 10, ga kuma fiye da lita miliyan 500 na tekila jibge a rumbunan masana'antu. Mai masana'anta yana iya zuba rararsa a ganga ya jira, bayan shekara 3 ya sayar da ita da sunan extra añejo. Manomin da agabensa ya nuna ba shi da wannan zaɓi: ko ya sayar a yadda aka taya, ko curin ya ruɓe a gona. Da yawa za su daina shuka, kuma ƙarancin da hakan zai haifar ba zai bayyana a kasuwa ba sai wajen farkon shekarun 2030.